Da Hankalina Na Yi

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ina aikin tafinta a kotu a Birnin Kudu, aka kawo Barira daga Farin Dutse. Ta kashe Sabo dillalin gyaɗa. Ta same shi ya danne 'yarta Hapsatu a cikin gonarta ta dawa, ta sauke masa fartanya a ƙeya sau ɗaya, bai ƙara motsi ba.

Kafin ta iso, gari ya gama yi mata shari'a. A kasuwa mayya ce, a tasha iskoki ne suka hau ta, jarida kuwa ta buga wai mahaukaciya ta hallaka ɗan kasuwa. Mutanenmu ba sa yarda mace za ta yi kisa tana sane, dole sai an nemo abin da ya shige ta. Abin da ya kai Sabo gonar da ba tasa ba kuwa, ba wanda ya tambaya. Har yau abin yana ba ni haushi.

Lauyanta ya ja ta gefe a gabana.

"Inna, ki ce hankalinki ya gushe. In ba haka ba, igiya ce."

Ta gyara mayafi kawai.

Alƙalin baƙo ne, ba ya jin Hausa. Da ya tambayi halin da take ciki lokacin da ta ɗaga fartanyar, Barira ta ce, "Da hankalina na yi."

Ni kuma, mai wayon banza, tausayi ya kama ni, na juya maganar. Na gaya wa alƙali ta ce ba ta cikin hankalinta. Wani malamin makaranta a bayanta ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah sarki, ashe taɓaɓɓiya ce."

Barira ta juyo ta zuba mini ido.

"Malam Datti, me ka gaya masa?"

"Inna, ranki nake nema miki."

"Na gode. Amma a garinmu in an zo neman aure, me ake fara tambaya? Ko akwai hauka a gidan. 'Ya'yana mata uku. In na fita da wannan suna, wa zai taka ƙofarmu? Kuma in ni mahaukaciya ce, to Hapsatu ƙarya ta yi ke nan. Ka gaya masa abin da na faɗa."

Na miƙe na ce na yi kuskure, na fassara daidai, lauya ya dafe kai. Alƙali ya saurari Hapsatu, ya ce abin da uwar ta gani ya isa ya tunzura kowa. Ya ba ta shekara bakwai. Ta fita tsakanin 'yan sanda biyu kanta a ɗage, ni ne na kasa kallon mutane.

Bayan shekara uku ƙanena Iliyasu ya ce Hapsatu yake so. Baffanninmu suka zauna bincike, babbansu ya yi ƙasa da murya.

"An ce uwar tana da taɓi."

"Baba, ni na yi ƙoƙarin liƙa mata shi," na ce, "igiya na jiranta, ta ƙi karɓa."

Ranar Juma'a muka kai goro Farin Dutse. Barira na da sauran shekara huɗu.