Ragon Inna Safara'u

Takardar canjin wurin aikin Malam Jonathan ta yi sati uku tana barci a aljihun teburin wani akawu a Gumel, sai ana saura kwana goma Babbar Sallah ta iso Gagarawa. An ce ya je Maigatari ya kama aiki kafin a tafi hutu. Shi malamin dabbobi ne, mutumin Zonkwa, shekararsa tara a Gagarawa, tun kafin a yanke Jigawa daga Kano. Duk garin Likita ake ce masa, ko da yake majinyatan nasa awaki ne da jakuna.

Wanda bai taɓa tashi daga gida a tsakiyar bazara ba, to, da sauransa. Mutumin da zai karɓi mabuɗin ɗakin magani bai zo ba, ya aiko wai gobe, goben ma ya aiko wai jibi. Motar da aka ce za ta kwashe su kuwa tana can jibge a layin mai, don shekarar ana wahalar mai sosai. Matarsa Magdalena ta ɗaure kwanuka a buhu, ta kwance ta dafa abinci, ta sake ɗaurewa, har sau uku, bakinta kuma bai huta ba ko sau ɗaya.

A gindin darbejiyar tsakar gidansu akwai awakin Magdalena guda uku, da wani farin rago mai baƙin wuya wanda ba nasu ba. Ragon Inna Safara'u ne, tsohuwar nan mai daddawa ta bayan gidansu. Ita ce ta yi wa Magdalena wankan jego da ta haifi Charity, uwarta tana nesa. Tun ragon yana ɗan mitsitsi take kiwonsa, dusa da harawa da kanwa, har tuwon da ta rage. Duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa layya ba, bana ce ta fari, kuma babu gidan da ba ta shiga ta faɗa ba. Ƙafarsa ce ta kumbura, Likita ya ce a bar shi wurinsa ya ƙarasa allura.

Ran Talata da hantsi sai ga wata motar hatsi za ta Maigatari babu kaya. Direban ya ce in za su, su zo yanzu, shi ba ya jira. Inna Safara'u ta tafi suna Gagarawa Tasha tun da sassafe. Jonathan yana ofis suna ta ja-in-ja da magajin nasa, wanda ya zo a daidai lokacin ya ce sai an buɗe masa kowane kwali. Magdalena na fama da yara. Aka ce wa 'yan dako duk abin da ke tsakar gida su loda. Su kuwa ba su rage ko muciya ba.

Da suka isa Maigatari suka tarar gidan da aka ba su a kulle, mabuɗin yana wurin sabon maigidansa na aiki, Alhaji Bappa. Direba ya tsaya ƙofar gidan Alhajin ya ce a nan zai zube kaya. Abin da aka fara saukowa da shi ragon ne, aka danƙa wa Jonathan igiya. Yana tsaye yana kallon dabbar, bai gama gane abin da ya faru ba, sai ga Alhaji Bappa ya fito daga zaure, mutanensa na biye.

Kowa ya san sabon ma'aikaci ba ya zuwa gaida na gaba da shi hannu rabbana, balle Sallah ta ƙarato. Alhaji ya dubi rago, ya dubi mai riƙe da igiya, fuskarsa ta washe.

"Haba Likita, daga zuwa sai ɗawainiya? Allah ya yi albarka, ya raya zuri'a."

Mutanen dakali suka amsa da amin. Magana ɗaya ce za ta raba gardama. Amma ga rana ta take, ga yara na kuka, ga mabuɗi a hannun Alhaji. Jonathan ya ji bakinsa ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe."

Magdalena ta ji da kunnenta. Mace mai faɗa a kan murfin tukunya, ranar sai ta juya ta hau kwasar kaya kawai.

Laraba Jonathan ya shirya maganarsa tsaf ya tafi. Alhaji ya kama hannunsa ya zaga da shi ofis-ofis yana cewa ga mutumin kirki an kawo musu, wanda ya san girman manya. Ya koma gida da maganarsa a ciki.

Alhamis kasuwar Maigatari ta ci. Tun safe yana cikin shanun da aka koro daga Nijar, yana buɗe baki yana duba kofato, sai ya ji an dafa shi. Ilu ne, wani mai sayar da igiya daga Gagarawa, da saƙon Inna. Ta ce ta dawo ta ji an tafi da ragon, ba ta damu ba tunda yana hannun ɗanta Likita, ya ƙarasa masa allurar ya kawo ran jajibere. Ga kuma ƙullin daddawa a ba Magdalena, kada ta sayi ta baƙon gari. Jonathan ya karɓa ya ce to. Yinin ranar warin daddawar nan na tashi daga aljihunsa, shi kaɗai ya san abin da take gaya masa.

Juma'a ya je da niyyar ko za a kore shi daga aiki sai ya faɗa. Ya tarar an wanke rago fes, yana tuƙa a inuwa. Alhaji ya ce ai ragon da ya saya da farko ya aika wa surukinsa a Sule Tankarkar, tunda na Likita ya fi shi ƙiba nesa ba kusa ba. Yanzu in ya karɓe, Alhaji ne zai wayi gari ba layya. Ya tambayi lafiyar iyali ya fito.

Asabar Magdalena ta buɗe baki, ta ce ya kwashi awakinta duka ya je ya roƙi musanya. Ya je har bakin zaure, ya ji muryoyin baƙi a ciki, ya wuce kamar mai neman shagon tela.

Sallar ta faɗo ran Lahadi. Yana zaune a ɗan cocinsu, bai ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. Lissafi yake: yanzu an sauko Idi, yanzu liman ya yanka, yanzu tsohuwa tana leƙen hanya.

Washegari da aka sauke nama aka rarraba, sai ga cinya guda a faranti daga gidan Alhaji, an ce ta Likita ce ta musamman. Magdalena ta ɗaga murfi ta mayar.

"Baban Charity, wannan ba zai shiga tukunyata ba. Ka san tukunyar da aka wanke dominsa."

Ta kwance bunsurun da take tanadi na Kirsimeti ta miƙa masa igiya. Sai da ya canja mota a Gumel, bunsuru na kuka a but ɗin mota, ƙullin cinya a kan cinyarsa, ya isa Gagarawa bayan azahar.

Ya sami Inna Safara'u a tsakar gida cikin sabon zane. Ga itace an jera, ga tukunyar suya a kife, ga yaji an daka. Ta ce jiya Barau mahauci ya zauna da wuƙarsa har la'asar. Ita ta ɗauka wahalar mota ce, har ta yi ta yi musu addu'a kada wani abu ya same su a hanya.

Jonathan ya durƙusa ya faɗi duka. Bai ɗora wa 'yan dako ba, bai ɗora wa direba ba. Ya faɗi abin da bakinsa ya ce a ƙofar Alhaji, da kwana biyar da ya yi yana zuwa yana komowa.

Tsohuwa ta saurare shi har ƙarshe. Ta jawo ƙullin naman ta buɗe, ta danna kitsen da ɗan yatsa, ta juya cinyar. Ta tambaya ko an ba shi ruwa kafin a kayar da shi, don ba ya son ƙishi. Jonathan ya ce bai sani ba, Inna. Ta dubi bunsurun, wanda haƙarƙarinsa ke ƙirguwa daga nesa, ta ce a ɗaure shi, kwanakin layya ba su ƙare ba, Barau ya zo gobe. Ya fara neman gafara, ta ɗaga masa hannu ta ce ba yanzu ba. Ta shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, ta ce ya zauna nan kada ya motsa.

Ba a jima ba sai ga sallamar Rahamatu da Asama'u, matan unguwa, sun ji an ce Likita ya iso, sun zo ganin ragon da aka shekara ana ba su labarinsa. Suka dubi turke, suka dubi bunsuru, suka dubi juna.

"Inna, ina ragon?"

Inna Safara'u tana hura wuta, ba ta ko ɗago ba.

"Ga mai bayani nan a tabarma. Likita, faro musu tun daga motar hatsi."

Ya faro. Bai kai ƙofar Alhaji ba wasu matan uku suka yi sallama, tsohuwa ta ce ya dakata su zauna, ya koma farko.