Susana a Turke

A duk Gozaki babu wanda ya taɓa kiran Susana raguwa. Abin da ake cewa shi ne kanta kamar kasuwar Bakori yake, kowa da abin da yake talla, kuma duk a lokaci ɗaya. Sai ta ɗora tukunya ta fita ɗebo itace, ta hangi kaza tana saɗaɗawa bayan rumbu, ta bi kaza, ta ga rumbun yana son yaɓe, ta hau kwaɓa ƙasa. A nan ƙauri zai zo ya same ta, hannu dumu-dumu, ya gaishe ta da aiki.

Dabara kuwa, babu wanda bai ba ta ba. Tsohuwa, kakar mijinta Matta, ta ce ta riƙa ƙulla bakin zane, kowane aiki da ƙullinsa. Ta yi ta ƙullawa har zanen ya ɗage mata zuwa gwiwa, ta zauna tana kallon ƙulle-ƙullen, kowanne yana cewa a tuna, babu mai cewa da me. Malama Dorkas ta ɗakin shan magani ta ce ta gama aiki ɗaya kafin ta taɓa wani. Shawara mai kyau. Susana ta tuna da ita ran Lahadi, ana tsakiyar wa'azi. Matar fasto ta ce ta zuba tsakuwa a ƙoƙo, in ta gama abu ta jefar da guda. Daga baya aka tsinci ƙoƙon 'yan tsaki na shan ruwa a ciki. Duk masu ba da shawarar nan sun manta abu ɗaya, su da ba su da mantuwa: ita ma dabarar sai an tuna da ita.

A daminar da aka buɗe sabuwar firamare a garin, ciyawa ta shaƙe gonar dawar Matta, ya kira gayya. Gayya kuwa ba a biyan kowa, tuwo ne ladan. Bara da Susana ta kai ƙonanne, samari suka saɓa fartanya rana tsaka suka watse.

Ana gobe gayya, Inna, uwar Matta, ta kira ta tsakar gida.

"Ke 'yar nan, in kika sake ciyar da mutane gawayi, na karɓe muciyar gidan nan na ba Judith. Ke sai ki koma kiwon kaji, tunda da su kuka fi shiri."

Judith, matar ƙanin Matta, wadda ko tsintsiyarta tana da wurin kwana, ta sunkuyar da kai tana murmushin ladabi.

Da safe Susana ta hura wuta, ta ɗora babbar tukunya, ta yi wa kanta alkawari da babbar murya. Sai gangar noma ta taso daga bakin gari. Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ita dai ta tsinci kanta a ƙofar gida, muciya a hannu, tana kaɗa kai, ruwan ma bai tafasa ba. In tun yanzu haka ne, ina ga an yi talge?

Ta dawo da gudu, sai idonta ya sauka a kan akuyar Inna. Tun saukar ruwa, mai unguwa ya sa aka yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, don haka tana nan a turke. Akuyar ta hango kuɓewar Inna a bayan ɗaki, ta zabura, igiya ta fizgo ta. Ta manta, ta sake zabura, igiya ta sake fizgo ta. Susana ta tsaya tana kallo. Wannan baiwar Allah ba ta ƙulla zane, ba ta zuba tsakuwa, ba ta taɓa jin shawarar Malama Dorkas ba, amma ga ta nan a inda aka ce ta zauna.

Ta kwance igiyar, ta ɗaura gefe ɗaya a ginshiƙin rumfar girki, ɗayan a ƙafarta. Akuyar kuwa, Susana ta ce bari ta rufe ta a ɗaki da zarar ta yi talge.

Mai tallar manja ta wuce, Susana ta miƙe, igiya ta ce zauna. Jariri ya tsala kuka a maƙwabta, igiya ta ce ba naki ba ne. Kazar nan ma ta zo ta gitta ta gabanta da gangan. Har idon sawun ya yi ja, amma talge bai kama ba, miyar kuka ba ta ƙafe ba.

Judith ta shigo da tulu, ta yi turus.

"Yaya Susana, wace kasuwa za a kai ki?"

"Sai an gama kiwata ni. Miƙo mini rariya."

Kafin ta tuƙe tuwon, kawunan mata sun jeru a kan danga.

"A zuba mata dusa mana!" in ji maƙwabciyarsu Rabi'atu.

Kunya ta kama Susana kamar ta nutse, sai dai ko ta so gudu babu hali. Ta ci gaba da tuƙi.

Rana na take tsaka aka ɗauki ƙwarya-ƙwarya zuwa gona. Susana ta kwance igiyar daga ginshiƙi, ta manta da ta ƙafa, ta isa gaban samarin gari tana jan ta kamar jela. Makaɗi ya sauya kiɗa nan take. Aka yi dariya har da masu zama a kan kunya. Sannan aka buɗe tuwo, dariya ta ragu, aka koma jin ƙarar lomomi.

Ɗanjuma, sarkin samari, ya lashe yatsa ya ce, "Matta, in haka turke ke gyara tuwo, ara mini igiyar nan, gidanmu da masu bukata."

Suka nome gonar tas.

A gida kuwa Inna na tsaye a tsakiyar abin da ya kasance kuɓewa da safe. Sanduna ne kawai. Akuyar na gefe tana tuƙa, ciki kamar ganga.

"Wa ya kwance mini akuya?"

"Ni ce, Inna. Aron igiyar na yi."

Judith ta matso kusa da muciya, tana goge hannu a zane.

Tsohuwa, daga kan tabarmarta, ta dubi Inna ta ce, "Jiya me kika ce? Gawayi na ji kin ce. An ci gawayi?"

"Ba a ci ba. Amma kuɓewata fa?"

"Ni ban ji kuɓewa a sharaɗin ba. Ko ke ma in ƙulla miki bakin zane?"

Judith ta tuna tana da wanki.

Matta ya tufka wa matarsa igiyar rama tata ta kanta, ya ɗaure a ginshiƙin. Susana ta riƙa rataya bakin igiyar a jikin muciya, ta yadda ba ta ɗaukar ɗaya sai ta taɓa ɗayar. Har aka yi girbi yaran unguwa suna yi mata kukan akuya in ta wuce, takan kuma amsa musu in tana da sukuni. Muciya dai tana hannunta.

Inna ta sha miyar kuka har ta gaji a shekarar. Kullum da safe sai ta leƙa ƙafar akuya tukuna, sannan ta zagayo ta leƙa ta surukarta.