Tumbin Jego

A wurinmu nan Malabar ta ƙasar Indiya, mai haihuwar fari a gidan iyayenta take jego, kuma in ta koma ɗakin miji a rame, uwarta ce za ta sha kunya. Shi ya sa Umma ta tasa ni gaba da man shanu: a shinkafa, a romon akuya, har da cokali a baki.

"Umma, don Allah, da ƙyar nake numfashi."

"Haɗiye, Shamla. So kike dangin mijinki su ce da yunwa muka bar ki?"

Na haɗiye. Jariri na tsotse ni, Umma na ɗura mini.

Ranar komawa, surukata ta zo ɗaukata. Ta matsa damtsena kamar mai tayin akuya, ta ce wa Umma, "Ma sha Allah, kun fita kunya." Umma har da hawaye.

Muna shiga mota sai ta miƙo mini ganyen shayin rage ƙiba.

"Mijinki zai dawo daga Dubai da Sallah. Kada ya tarar da wannan tumbin."

Na kwantar da jaririn a kan tumbin. Shi dai bai ce a ƙara ba, bai ce a rage ba. Barcinsa kawai ya yi.