Ledar Maman Peniasi

"Ɗaga ƙafa mana," in ji Gwaggo Ilisa. "Jiya a kan dandamali ai ba haka kike jan jiki ba."

Vasemaca ta ƙara rungume saiwar yangona da ke naɗe cikin jarida, irin wadda ake kaiwa idan za a ba da haƙuri. Safiyar Asabar ce, kasuwar Lautoka ta cika maƙil, ita kuwa gani take kowa ita yake kallo.

Jiya aka yi muhawara a makarantarsu kan hana leda a kasuwa. Peniasi, ɗan ajinsu, ya jero hujjojinsa daki-daki: magudanan da leda ta toshe, ruwan da ya malale rumfuna. Ita kuma hujjojinta sun ƙare. Kawai sai ta ji bakinta ya ce, "Shi ne zai koya mana illar leda? Ku je rumfar mamansa ku ga abin da take zuba rogo a ciki!"

Ɗakin ya kwashe da dariya, aka ba ta nasara. Ta kuwa san abin da ta aikata, don a littafinta har layi ta ja wa wannan kuskuren da jan biro: a bar magana a kama mai magana. Abin da ba ta sani ba shi ne maman Peniasi tana zaune a layin baya, cikin rigarta ta zuwa coci.

Yanzu idan matar ta ƙi taɓa saiwar nan ta ban haƙuri, gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu, ga shi cocinsu ɗaya.

"A'a, ga lauya da kanta!" in ji mai abarba ta rumfar gefe, da suka isa wurin Maman Peniasi. "Ku ɓoye ledojinku!"

Gwaggo ta zauna a ƙasa, ta janyo Vasemaca ta durƙusar da ita. Ta yi ta ba da haƙuri da murya ƙasa-ƙasa, sannan ta tura saiwar gaba. Maman Peniasi ba ta ko kalli saiwar ba. Sai da ta gama ɗaure wa wani rogo a leda, ta goge hannu a zaninta.

"'Yata, ba ƙarya kika yi mini ba. Da leda nake sayarwa."

"Ki yafe mini, Mama."

"Tsaya tukuna. Ni ban yi boko ba, amma na zauna tun farko har ƙarshe ina jira, ban ji amsarki ba. Leda tana toshe magudana ko ba ta toshewa?"

Vasemaca ta dubi gwaggonta. Gwaggo ta ƙura wa ƙasa ido.

"Tana toshewa."

"To da ni da rogona, me muka rage a maganarsa?"

"Ba komai."

"Wato yaron ya yi gaskiya?"

"E."

"Ban ji ba. Jiya har layin baya muryarki ta kai."

Mai abarba ta ajiye wuƙarta. Masu ciniki biyu suka tsaya cak. Vasemaca ta ɗago kai.

"Peniasi ya yi gaskiya. Ba ni da amsa, shi ya sa na ambace ki."

Babu wanda ya yi dariya. Maman Peniasi ta daɗe tana kallon ta, sannan ta sunkuya, ta ɗora tafinta a kan saiwar, ta tafa sau uku a hankali, alamar ta karɓa.

"Tashi," ta ce. "Kin tare mini masu saye."