Ɓeran da Ya Sha Kunun Yetunde

Da sukari ya yi tsada bayan ƙarin albashin Udoji, Yetunde da mahaifiyarta suka koma zuba sakarin, sinadarin nan mai zaƙi da arha, a kunun zaƙin da suke sayarwa a Liman Abaji. Lamidi, mai kula da ɗakin kimiyya na wata makarantar sakandare, kullum sai ya je sha, ba don ƙishirwa ba, don dai ya ga murmushinta.

Wata rana ya ji a rediyo wai a ƙasashen waje ana ba ɓeraye sakarin, ana duba hantarsu da ƙodarsu. Hankalinsa ya tashi. Ya ware farin ɓera ɗaya daga cikin na makaranta, ya riƙa ba shi kunun a ɓoye. Ba a jima ba cikin ɓeran ya kumbura, ya daina zirga-zirga. Lamidi ya sakankance hanta ce. Da wane ido zai dubi yarinyar da yake so, ya ce mata sana'ar da ke ciyar da gidansu guba ce?

Ranar Asabar ya daure ya faɗa mata, ya kawo ta ta gani da idonta. Ya yaye buhun da ya rufe kejin ɓeran. Ashe ɓeran nan mace ce. Ga 'ya'ya jajaye suna ta tsotso.

Yetunde ta leƙa, ta ɗago ta dube shi.

"Likita, wannan ce cutar hantar? To yaushe ne suna? Kunun daga gidanmu za a kawo."

Lamidi ya zauna a ƙasa, yana dariya har da hawaye.