Awon Ƙafa Uku

Shekara biyu wani tela yana kiran sana'ar autarsa wasan yara. Amma da ya jiyo kukanta a ɗaki, wai ɗan farantin ƙarfen da ke riƙe kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku ya ɓata, ga shi ƙarfe huɗu za ta ɗauki hoton ɗaliban da suka gama karatu, sai tausayinta ya kama shi. Babban aikinta na farko ke nan. Tana fita neman aro, ya zaro tef ɗinsa ya auna sandar tsaf, ya naɗe kyamarar a ƙyalle, ya sulale zuwa shagon kayan hoto bai gaya wa kowa ba.

Mai shago ya zube masa farantai a kan kanta: mai faɗi, siriri, har da wani mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, wai don hoton tsaye.

"Wanne ne nata, Baba?"

"Ba ga kyamarar ba?"

"Ai duka za su hau kyamarar, ramin sukurun ɗaya ne. Bakin sandar ne ke zaɓe. Ina sandar?"

Tela ya yi murmushin wanda ya san aikinsa, ya warware takarda. "Tsawon ƙafa, inci hamsin da biyu, duka ukun. Ƙugu, inci huɗu."

"Bakin fa? Inda farantin ke zama?"

Baki kuma? Shekara arba'in yana awo, ba a taɓa ce masa ya auna baki ba. Ya juya wannan, ya juya wancan, duk suka zame masa iri ɗaya. Kunya ta rufe shi.

Sai ga waya daga autar. "Baba, an sace kyamarar!"

"Tana hannuna," ya ce a hankali. "Ɗauko sandar ki zo shagon kayan hoto na bayan tasha."

Ta shigo tana haki, ido jajir, sandar a kafaɗa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗauki siririn, ta zura a bakin, ya kama ƙas.

Mai shago ya gyaɗa kai. "Wannan ta san hannunta. Aiko ka ta yi?"

Tela ya gyara tsayuwa. "'Yata ce. Mai ɗaukar hoto ce."

Hannunta ya tsaya a kan sukurun. Ta ɗago, ta miƙa masa sandar.

"Riƙe min, Baba. Mu je, lokaci ya ƙure."