Kulolin Dubiya

Cokalin ne ya fara faɗuwa. Sai Bappa Hammajoda ya dafe ƙirji ya kife a kan darduma, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ruƙayyatu, matar ɗansa, ta yar da tsintsiya ta fita ba mayafi tana ƙwala wa mai keke kira.

* * *

Likita ba ta ɓoye musu komai ba: kitse ya toshe jijiyoyin zuciyarsa.

"Wannan karon ya zo da sauƙi," in ji ta. "Na biyu ba ya sallama. A janye gishiri da man shanu da nama mai kitse. A ba shi wake, zogale, gero, kifi."

Tun daga ranar tsoro ya zauna wa Ruƙayyatu a ciki. Mijinta yana aiki a Gombe, tsohon a hannunta yake. In ya yi tari gabanta ya faɗi. In ya daɗe a banɗaki, sai ta tsaya daga nesa tana kasa kunne.

Amma a unguwarmu ta Ɗan Iya, wa ya isa ya ajiye kwaɗon zogale gaban dattijon da ya shekara hamsin yana kiwon shanu? Mu nan ƙaunarmu a maiƙo take. In miya ba ta yi ƙyalli ba, to an raina babba. Kafin sati ya zagayo magana ta gama unguwa, wai suruka tana horar da Hammajoda da yunwa.

Goggo Azumi, ƙanwarsa, ta taso takanas daga Miri. Ta buɗe kwanonsa, ta leƙa, ta rufe.

"Ke 'yar nan, akuya kika mai da yayana?"

"Goggo, likita ce ta ce..."

"Likita ce ta haife shi? Mutumin da yake cin man shanu tun kafin a haifi uwarki!"

Ruƙayyatu ta durƙusa. "Don Allah Goggo, ku yi haƙuri. Wallahi tsoro nake ji."

Bappa ya kawar da kai.

Goggo ta tare a gidan. Kullum da hantsi sai ta shige ɗakinsa da kula, ta saki labule. Suruka kuwa ba ta ɗaga labulen uban miji. Daga tsakar gida Ruƙayyatu take jin ƙamshin masa da man shanu da farfesun kayan ciki. Kwanon zogalenta yana dawowa yadda ta kai shi.

* * *

Ciwon na biyu ya zo ranar Juma'a, Bappa yana ɗaura rawani.

A asibiti aka sa masa roba a hanci. 'Yan dubiya suka yi ta shigowa da addu'a, kowa da kularsa, har suka cika ƙarƙashin gado. Ba wanda ya amsa gaisuwar Ruƙayyatu.

Goggo Azumi ta jawo kula ɗaya ta tura gaban Ruƙayyatu tana share hawaye.

"Yunwar nan ce ta kayar da shi. Zuba masa romo, in ya farka ya sha."

Ruƙayyatu ta buɗe murfin. Romon ya riga ya huce, kitsen ya daskare a samansa fari fat.